Abin da Na Lasa Saboda Kan Sarkin Baba

Leɓena na sama ne ya fara mutuwa. Ina zaune a tabarma a ƙofar ɗakin Umma, hantsi ya ɗaga, albam ɗin marigayi Baba yana buɗe a kan kujera 'yar tsugunno a gabana, don cikina ya yi girman da babu abin da ke zama a cinyata. Na ɗauki 'yar takarda, na ninke, na kai baki na lasa kamar yadda nake ta yi tun da na sha koko, sai harshena ya taɓo wani abu mai kauri kamar ba a jikina yake ba. Leɓena ne. Na cije shi, ban ji zafi ba. Sai wani abu kamar tururuwa ya soma yawo a gefen bakina. Yawu ya taru, na haɗiye, ya sake taruwa.

Ban kira kowa ba tukuna. Hannu na ɗora a cikina. Kullum in na sha koko, abin da ke ciki sai ya yi ta shure-shure har ya gaji don kansa. Na yi ƙoƙarin tuna ko ya motsa da safen nan, na kasa.

Goyon ciki na zo yi gidanmu a Yako, cikin fari ne. Mijina yana can Doguwa wajen gonar masararsa, inda waya ba ta shiga sai mutum ya hau tudu. An ce in zo gida in huta. To, ga hutun da aka ba ni.

Baba akawu ne a ma'aikatar ruwa ta Tiga har ya yi ritaya. Duk wasiƙar da ta zo ofis, in an gama da ambulan, sai ya yanke kusurwar da kan sarki yake ya zo da ita gida, ya jiƙa a tasa har kan sarkin ya saki, ya shanya a kan tsohuwar jarida. Ina ƙarama ni ke riƙe masa tasar. Akwai masu hoton gyaɗa, masu raƙumi, masu tsuntsayen da ban taɓa gani ba, da wasu masu rubutun da ko shi bai iya karantawa ba. Mannawa a albam kuwa a ɗakinsa yake yi, ƙofa a rufe, saboda iska da yara. Bayan rasuwarsa sanyin damina ya shiga albam ɗin, danƙon ya saki. In ka ɗaga shi sai su yi ta zubowa kamar busasshen ganye.

Hanya biyu ce ta mayar da su, kuma na sha bayanin kowacce har na haddace ba da so na ba. Ta farko ita ce ta Baba: wasu 'yan mitsi-mitsin takardu masu danƙo a gefe ɗaya, ba su kai farcen ɗan yatsa ba, a ninke, a jiƙa guntun ɓangaren a manna a bayan kan sarki, a jiƙa dogon a manna a shafi. 'Yan manne muke ce musu. Ta biyu kuwa 'yar aljihun leda ce mai baƙin baya, a yanka ta daidai girman kan sarkin, a zura shi ciki, ita ledar ake mannawa, shi babu abin da zai taɓa shi.

A kan wannan ne manyan maza biyu suka shafe watanni suna ɗaga jijiyar wuya a zaurenmu.

Na ɗaya Baffa, ƙanin Baba, manomin wake da dawa. Da Baba yana raye, da kunnena na sha jin sa yana cewa tara kan sarki aikin wanda bai san zafin fartanya ba ne. Ana yin addu'ar arba'in ya zama shi ne mai gadin amanar ɗan'uwansa. Ya ɗauke gwangwanin alewar da Baba ke ajiye ragowar 'yan manne da kan sarkin da suka zubo, ya kai ɗakin ajiyarsa, wai a hannunmu gara za ta cinye.

Na biyu Yaya, babban wanmu, mai difloma da shagon cajin waya. Ya kalli wani Bature a waya yana bayani, shi ke nan ya zama malami a fannin.

"Baffa, 'yan mannen nan ɓata bayan kan sarki suke yi. Suna barin tabo a danƙonsa. Yanzu duk duniya leda ake amfani da ita."

"Duk duniya har da Yako?"

"In Turawa suka ga tabo ba za su kalle shi ba."

"To su daina kallo. Yadda ɗan'uwana ya yi haka za a yi. Kai, lokacin da ubanka ya manna na farko, ko wando ba ka san a sa ba."

Wane danƙo Yaya yake karewa, ban sani ba. Duk kan sarkin Baba daga jikin ambulan aka jiƙo su, danƙonsu ya tafi a ruwan tasar da na riƙe da hannuna. Na taɓa faɗa masa haka, ya ce in bari, abin ya fi ƙarfin sakandare. Ita kuma ledar da yake yabo, ko ɗaya ba mu taɓa gani ba. Duk shigarsa Kano zai sayo, duk dawowarsa da dalili: yau shagon a rufe, gobe mai shagon ya tafi jana'iza.

Baffa ya yi nasara, don shi ne babba, kuma nasa kayan suna nan a gwangwani. Saura wanda zai yi aikin. Baffa ya ce da harshe ake yi, ɗan'uwansa da bakin harshe yake taɓawa, in aka sa yatsa a ruwa sai ya yi yawa ya lalata shafi. Amma shi yana cin goro, zai rina su. Yaya ya ce shi bai yarda da tsarin ba, ba zai sa hannu a ɓarna ba. Sai duka biyun suka juyo suka kalle ni, karo na farko da suka yi ittifaƙi.

"Ke Auta ba kya cin goro," in ji Baffa, "kuma zaune kike."

Da safen ranar ya kawo gwangwanin, suka koma zaure suka ci gaba da gardamar da aka riga aka yanke. Umma tana madafa tana fama da ɗanyen itace. Ni kuma na yi ta ninkewa ina lasa, ina ninkewa ina lasa, shafi bayan shafi. Akwai ɗaci-ɗaci, na ɗauka na tsohon danƙo ne. Akwai farin gari a jikinsu, na ɗauka tsufa ne.

Da bakina ya mutu ne na jawo gwangwanin na karkata shi. Garin ya gangaro ya taru a gefe, da yawa, fari fat. Na kai hanci. Na san warin. Warin ɗakin ajiyar Baffa ne in an gama ɗure wake a buhu.

Na dafa bango na tashi, na taka har bakin zaure. Maganata ta fito a murɗe kamar ta mai barci.

"Baffa, me kuka zuba a gwangwanin nan?"

"Me kika gani?"

"Farin gari."

"Au, wannan. Maganin wake ne. Ɗan kaɗan na barbaɗa, saboda kyankyasai da gara. Danƙo suke bi." Ya faɗe shi da murmushi, yana jiran a yaba masa.

"Baffa, lasa nake ta yi."

Ya dube ni, ya dubi gwangwanin. "Ai ya daɗe a ciki. Ƙarfinsa ya tafi."

Abin da Yaya ya yi ba zan manta ba, ko da na so. Ya miƙe zumbur, na ɗauka wajena zai zo. Gwangwanin ya karɓe daga hannuna, ya zaro wani kan sarki mai hoton jirgin ruwa, ya hure shi, ya ɗaga shi ga haske.

"Kun gani ko, Baffa? Da leda ce da duk wannan bai taso ba. Garin nan zai iya cin launinsu."

Ina tsaye yawu yana zuba a haɓata, ban ma ji zubarsa ba sai da na gani a rigata. Na ce, "Yaya, bai motsa ba." Ya ce, "Wa?"

Umma ce ta ji daga madafa. Ban san yadda ta ƙetare tsakar gida ba, sai ganin ta na yi a gabana ta riƙe fuskata da hannu biyu tana duba idona. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta tambayi kowa komai ba. Ta koma da sauri ta dawo da kwalbar manja da ludayi, ta ɗura min. Ya wuce maƙogwarona da nauyi, ya dawo tare da kokon safe a kan takalmin Baffa. Wannan ɗaya ban yi nadamarsa ba.

"A nemo nono," in ji Baffa yana goge ƙafa da ƙasa. "Kindirmo yana kashe dafi. Bari 'yan rugar can su shigo da tallansu."

"Ɗauko babur," Umma ta ce wa Yaya.

"Umma, fetur ɗin da ke cikinsa..."

"Ɗauko babur."

Muka hau mu uku, Yaya a gaba, ni a tsakiya a karkace saboda ciki, Umma a baya ta zagaye ni da hannuwanta. Hanyar ta sha ruwa, duk ramuka. Kowane rami muka faɗa sai in ji girgiza a cikina in ce shi ne, sai in gane babur ne. Idona yana ta hawaye ba tare da ina kuka ba, gonakin dawa suna wucewa a dishi-dishi. Na tuna malamin kimiyyarmu yana zana mahaifa a allo, yana cewa duk abin da uwa ta ci yana bi ta cibiya ya isa wajen jariri. Lokacin dariya muka yi, muna rufe baki da hijabi. A kan babur ɗin maganar ta dawo min kalma-kalma. Na yi ta karanta duk addu'ar da ta zo, da leɓen da ba na ji. Ta gaba kuma, cikin iska, muryar Yaya tana zuwa guntu-guntu: shi dai ya faɗa tun farko, shi dai ba a jin maganarsa a gidan nan.

A asibiti, wata nas mai ƙiba ta karɓe ni. Ta sa aka cire min riga aka wanke min baki da fuska da hannu da sabulu, ta haska idona da tocila, ta saurari ƙirjina. Da ta ji an ba ni manja ta yi wa Umma faɗa, ta ce da ya bi ta hanyar numfashi da wani zancen ake yi. Umma ta sunkuyar da kai ta ce a yi haƙuri. Cikinsu ita kaɗai ce ta ba wani haƙuri a wannan rana, ita da ta fi kowa ƙarancin laifi.

Nas ta kafa wani ƙarfe mai kama da mazurari a cikina, ta ɗora kunnenta, ta yi shiru. Na kalli silin. Ta matsar da shi, ta sake yin shiru.

"Ina jin bugun," ta ce.

"Amma bai motsa ba, Malama."

"Na ce ina jin bugun. Sauran sai mun gani."

Likita ya zo, siriri, da alamar bai yi barcin kirki ba. Ya ce abin da zai yi ya danganta da irin maganin, akwai wanda ke tsayawa a kashe baki da amai, akwai wanda sai an jima yake sauka a ƙirji, kuma in ya kama numfashin uwa, jariri ma ya shiga ciki. Ya tambayi sunan maganin. Daidai nan Baffa ya iso a bayan wani ɗan acaɓa, da ƙunshi a hammata.

"Alhaji, wane magani ne?"

"Na wake."

"Sunansa fa?"

"Ba shi da suna, likita. A ƙulle ake ba mu a kasuwa. Mai kyau ne, ko ƙwaro ɗaya ba ya bari."

"Kun zo da ragowar?"

Baffa ya kwance ƙunshin a hankali, kamar mai buɗe kayan lefe. Albam ne. Ya ce ya ga an bar shi a tsakar gida ga awaki ga hadari, amanar ɗan'uwansa ce. Gwangwanin da garin yake ciki kuwa yana can a zaure inda Yaya ya ajiye.

Likitan ya ɗan jima yana kallon albam ɗin, sannan ya ce wa Yaya ya koma ya ɗauko gwangwanin da ƙullin maganin, kuma ya nemi wanda ya sayar, ya ga buhun da aka ɗebo shi. Ni kuma aka sa min ruwa a hannu, aka ce za a riƙa duba idona da ƙirjina har yamma. In numfashina ya soma ƙara, ko na ji jikina yana karkarwa, in yi magana nan take.

Ban taɓa sanin mutum zai iya sauraron numfashinsa har ya rasa yadda ake yin sa ba. In na ja, sai in ji kamar da ƙara. In na saki, sai in ji kamar bai fita duka ba. Tafin hannuna yana kan cikina, ya yi gumi ya manne da zanin. Na yi ta yi masa magana a zuci, ina lallashi, ina ba shi haƙuri, har da yi masa faɗa. Shiru. A gadon kusa da ni wata mata daga wajen Burumburum tana ba jaririnta nono, na juya mata baya don ba na iya kallo.

Umma tana zaune a ƙasa ta jingina da ƙafar gadon. Can bayan azahar ta tambaye ni, a hankali, ta yaya garin ya shiga bakina. Ashe duk abin nan ba ta gane ba, ta ɗauka hannu na sa a baki ban wanke ba. Na ce mata lasa nake yi, Baffa ya ce haka Baba yake yi.

Ta ɗago ta dube ni.

"Babanku? Mutumin da ko cokalin wani ba ya sha da shi? Gashin kaza yake tsomawa a murfin kwalba ya ɗan shafa. Ni nake tsinto masa gashin."

"Umma, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni? Da na gifta ta zaure sai su yi shiru, wai maganar maza ce."

Wato Baffa bai taɓa ganin yadda ake yi ba. Bai taɓa shiga ɗakin ba, bai taɓa tambaya ba. Ya zauna ya ƙaga wa mamaci ɗabi'a, ya kafe a kanta wata da watanni, sannan ya ara harshena ya cika ta. Na rufe ido. Da ina da yawun da zan iya sarrafawa, na san inda zan tofa shi.

Yaya ya dawo wajen la'asar da gwangwanin da wani yagaggen buhu da ya karɓo a wajen mai maganin. Aka kai wa likita. Yaya kuma ya leƙo ɗakin, ya tsaya daga bakin ƙofa yana juya makullin babur a yatsa.

"Auta, ya jikin?"

Na gyaɗa kai.

"Allah ya ƙara sauƙi. Kin ga dai yanzu ko Baffa ba shi da ta cewa. In kin warware sai mu ɓamɓare waɗanda kika manna, in na shiga Kano..."

"Fita," in ji Umma. Ba ta ɗaga murya ba.

Ya fita. Tagar ɗakin tana kallon barandar da suke zaune, don haka ina jin su. Baffa yana cewa ba laifin 'yan manne ba ne, laifin gara ne, da babu gara wa zai zuba magani. Yaya yana cewa leda ba ta da danƙon da zai jawo gara. Baffa ya ce ita ledar da me ake manna ta, da addu'a? Yaya ya ce a'a, ita ma akwai ɗan danƙo a bayanta, ana ɗan jiƙawa. Baffa ya ce da me? Ban taɓa jin Yaya ya yi shiru mai tsawon wannan ba.

Har yau da nake rubuta wannan, makonni bayan abin, ba na iya lasar ludayi in ɗanɗana gishirin miya. In an dafa wake a gida fita nake yi bayan ɗaki. Wani lokaci ina zaune lafiya sai in tsinci kaina ina cizon leɓe, in tabbatar yana nan. Baffa yana zuwa gaishe ni kullum, in amsa masa da ladabi kamar yadda aka koya min, in bi takalminsa da kallo. Bai ce komai a kan ranar ba, sai dai ya gaya wa mutanen masallaci cewa yaran yanzu jikinsu ba ƙwari. Albam ɗin yana ƙasan akwatin Umma, ta sa kwaɗo, makullin yana ɗaure a bakin zaninta. Ba wanda ya yi ƙarfin halin tambayarta.

Amma a ranar, rana ta yi sanyi, hasken tagar ya koma ja, ina kwance ina jin su suna sake ɗaukar gardamar daga wani gefen. Leɓena ya soma ƙaiƙayi, irin na ƙafar da aka zauna a kanta. Na cije shi, na ji zafi. Likita ya shigo da yagaggen buhun a hannu, nas tana biye. Ya haska idona, ya sa na'ura a ƙirjina ya ce in ja numfashi, in saki, in sake ja. Nas ta kafa mazurarinta a cikina ta ɗora kunne.

Sai ya harba. Ba ƙaramin harbi ba, har ƙarfen ya goce daga kunnen nas.

"Kai, ɗan nema," ta ce tana shafa kunne. "Barci kake yi ashe."

Na kama hannun Umma na ɗora a wajen. Ya sake yi.

Likita ya ce maganin mai sauƙin ne, irin wanda ke tsayawa a baki, kuma da zai sauka a ƙirji da tuni ya nuna. Ya ce zan kwana a duba ni, amma don a cika ƙa'ida ne kawai.

"Kin fita daga haɗari," ya ce, "ke da shi."

Na buɗe baki in yi godiya, abin da ya fito kuka ne. Umma ta bar hannunta inda yake. A baranda Baffa yana tambayar Yaya ko ita ledar gara ba ta cin ta, sai aka kira sallar magariba.